Ba A Sa Ƙwai A Kokito

Litinin, 9 ga Disamba, goma na safe

Tensa matata ce ta ba ni littafin nan, wai in dinga rubuta lokacin maganin Mami, uwata, kar a manta. Ni Chebo za a ba wa littafi? Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan motar haya daga Maunabo zuwa Humacao, bai taɓa manta rami ɗaya na hanyar ba? To shikenan. Farar ƙwaya da safe, ja da yamma. Na rubuta. Sauran takardar tawa ce.

Yau na fasa kwakwa goma sha huɗu. Da hannuna na kankare, da hannuna na matse a tsumma, ba ruwana da madarar kwakwar gwangwani ta ragwaye. Kirfa, kanumfari, citta kaɗan, madara mai kauri, sai barasar rake daga wajen wani mutumina da bazan faɗi sunansa ba ko a takarda. Wannan shi ne kokito. Da Disamba ta kama duk unguwar nan ƙofata ake kallo. Fada na cocinmu ma in ya zo gaisuwa da kwalbarsa yake zuwa a ƙarƙashin riga, wai ta ruwan albarka ce.

Kuma ba ƙwai. Da ka sa ƙwai ya tashi daga kokito ya koma ponche, abin shan masu mura. A rubuta min wannan a kan kabarina. A'a, a bar maganar kabari.

Gobe Cleto ƙanena zai sauka daga Amurka. Shekara ashirin da shida rabonsa da Kirsimeti a gidan nan. Tensa ce ta kira shi bayan abin da likita yace. Ni bance a kira kowa ba.

Talata, 10 ga wata, biyar na yamma

Ya iso. Tumbi a gaba, farin takalmi, ga turare kamar shagon ne ya fashe a kansa. Ya rungume ni yana ihu, "Yaya! Har yanzu gashin bakin nan yana nan?"

Nace "Yana nan. Shi bai gudu ya bar gida ba."

Ya yi dariya. Ni ma na yi, tawa ta fi tasa ƙarfi.

Muka shiga ɗakin Mami. Ya durƙusa bakin gado yace "Mami, albarka." Ta buɗe ido, ta lalubo kunnensa ta riƙe, tace "Cleto. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka rame."

Ya rame! Mutumin da sai da ya karkace kafin ya shigo ƙofa.

Nace bari ni ma in shiga layi tunda kasuwa ta buɗe. "Mami, albarka."

Ta dube ni da fara'arta tace "Sannu direba. Kai ka kawo shi? Allah ya kiyaye hanya."

Wata biyu kenan ni direba ne. Ni nake juya ta a gado, ni nake yanke mata farce, ni na san matashin da take so a ƙarƙashin gwiwa. Tun ina da wayo ban taɓa shan kofi da safe ba sai na karɓi albarkar nan. Yanzu sai Allah ya kiyaye hanya. Ba komai. Direban ma ai ba ƙaramin direba ba ne.

Alhamis, 12 ga wata, biyu na rana

Romo cokali biyu Mami ta sha. Shinkafa ko ƙwaya bata ci ba. Ayabar da Tensa ta dama mata ta tofar.

Nace ku ba ni wuri. Na haɗa mata kokito nata na musamman, ba barasa ko ɗigo, na sanyaya shi daidai, na zuba a kofinta mai furanni. Matar da duk shekara ita take fara ɗanɗana min, ta ɗaga gira tace kanumfari ya yi yawa, ta kuma miƙo kofi a ƙara.

Ta shinshina. Ta juya fuska bango. Tace "Direba, bana karɓar abu a hannun baƙo."

Tensa tace "Tsoho, kar ka sa a ranka."

Nace wane rai? Ni da na ɗauki fasinja da akuya da mai naƙuda a mota ɗaya? Na shanye abina a tsaye. Ya yi daɗi ƙwarai. Asarar wanda bai sha ba.

Asabar, 14 ga wata, huɗu na yamma

Yau an yi abin kallo.

Cleto ya fita tun safe da motar da ya hayo, ya dawo da kwalba a rungume kamar jariri. Abin ciki ruwan ɗorawa, kauri kamar fenti. Nace meye wannan? Yace "Irin namu na can ne, Yaya. Madara, sukari, gyaɗar ƙamshi, da ƙwai."

Nace "Da me?"

"Ƙwai."

"A gidan uwata? A firjin da kokitona yake kwance? Tensa, buɗe taga!"

Yace "Haba Yaya, gwadawa kawai za a yi."

Nace gwada, ɗan Amurka. Matar da ta ƙi madarar kwakwar da aka matse da hannu ita za ta sha miyar kaza? Na jawo kujera na zauna dan kar dariyar ta same ni a tsaye.

Ya kai mata cokali baki. Ta lasa. Ta buɗe baki da kanta.

Rabin kofi. Na ƙirga, cokali goma sha tara. Tensa tana kuka a bakin ƙofa tana gode wa Allah. Mami ta shafa fuskarsa tace "Ɗana mai hankali."

Na ji daɗi mana. Wa zai ƙi uwarsa ta ci abinci? Na ji daɗi sosai. Na fita bayan gida na fasa kwakwa shida da ba na buƙata.

Lahadi, 15 ga wata, bayan coci

Kofi guda cur. Nasa.

Laraba, 18 ga wata, shida na yamma

Baƙo raɓa ne, haka aka ce. Wannan raɓar dai ta zama damina.

Tensa, matar da na aura da kaina, ta ɗebi ruwan ƙwan nan ta yi mana flan da shi, kayan zaƙin nan na ƙwai da madara, ta kuma daskarar da saura a ƙananan kofuna yaran unguwa suna tsotsa. Maƙwabta sai shigowa suke, wai duba jikin Mami, Doña Monsa kamar yadda suke kiranta, alhali kowa idonsa na kan firji. Nace mata "Shekara talatin da biyar baki taɓa yin flan da kokitona ba."

Tace "Kai ka hana. Kace kokitonka ba kayan haɗi ba ne."

Wai ni na faɗa. To ko na faɗa, ai sai ta yi min gardama.

Wajen wasan domino ma ban tsira ba. Pucho, abokina tun muna yara, ya buga ƙwayarsa a tebur yace "Chebo, an ce sarauta ta koma ɗakin ƙane. Mu kawo kwalabenmu wajenka ko mu bi layin kaza?"

Nace "Ka bi. Dama fuskarka ta yi kama da kaza mai kwanci."

Aka yi ta dariya. Na cinye su wasa uku a jere. Amma na lura, kwalba tara kawai aka karɓa wajena bana. Bara war haka ashirin sun fita.

Da na dawo na tarar Cleto riƙe da kwalbata yana karanta takardar da na manna. Yace "Yaya, ba da K ake rubuta shi ba fa." Nace a bakin mutane yake shiga ko a makaranta?

Mami ta kira ni yau. Da gudu na je, har na buge gwiwa a tebur. Cewa tayi "Direba, in za ka koma ka bar min yaron nan ya kwana biyu."

Alhamis, 19 ga wata, bakwai na safe

Allah ya kiyaye hanya. Amin.

Juma'a, 20 ga wata, sha ɗaya na safe

Allah ba ya barci! Na rantse Allah ba ya barci!

Kwana shida ina lura. Mutum yace da ƙwai yake haɗa abu, amma ban taɓa ganin ɓawon ƙwai ko ɗaya a kwandon shara ba. Kajin Tensa suna nan da ƙwansu, ba wanda ya taɓa. Ban taɓa jin ya kunna murhu ba. Ni direba ne, in inji yana tafiya ba mai, na san da wata a ƙasa.

Yau yana wanka na ɗauki mukullin motarsa, dan in duba masa iskar taya kawai, taimako. Na buɗe but. Ga su nan a leda, kwali bakwai, an wanke an ninke. Na kanti! Irin wanda ake jerawa kusa da madara, da hoton dusar ƙanƙara a jiki. Saye yake ya juye a kwalba ya barbaɗa gyaɗar ƙamshi a kai ya shigo yana tafiyar masana.

Na zauna a bakin but ina dariya har hawaye. Na ɗauki kwali ɗaya na ɓoye a akwatin kayan aikina.

Tensa tace me ya same ka kake fito tun ɗazu? Nace Kirsimeti ce ta shiga jikina.

Asabar, 21 ga wata, uku na rana

Saura kwana uku cin abincin jajiberin Kirsimeti. Na guga farar rigata.

Laraba, 25 ga wata, tara na safe

Bana son rubuta wannan, amma tunda na fara.

Jiya da wuri aka ci abinci saboda Mami, tun rana bata faɗi ba. Muka turo ta a kujera zuwa baranda, Tensa ta sa mata jan ɗankunne. Gasasshen aladena, ni na juya shi tun asuba, fatar tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye, kowa ya shaida. Shinkafa da wake, pasteles ɗinmu na ayaba da nama a nannaɗe cikin ganye, komai. Pucho da matarsa sun zo, da 'yan uwan Tensa, mun kai mu ashirin.

Aka zo zuba abin sha. Matar Pucho tace "Cleto, dan Allah ka ba mu sirrin nan naka." Yana murmushi yana sosa ƙeya. Sai na miƙe, na buga cokali a kwalba, nace jama'a ni zan ba ku sirrin, kyauta. Na zaro kwalin daga ƙarƙashin tebur na dasa shi a tsakiyar abinci kusa da kan aladen.

Nace "Ga kakar da ta koya masa. A kanti, layi na huɗu take zaune, kusa da man shanu."

Pucho ya fara dariya, matarsa ta taka masa ƙafa. Shikenan dariyar da na samu. Kwana huɗu ina tanadin ta.

Cleto ya dubi kwalin, ya dube ni. Ko ja fuskarsa bata yi ba. Yace "Eh, na kanti ne. Ban iya dafa ko ruwan zafi ba, Yaya, ka sani. Tana sha ko bata sha?"

Na dubi kan aladen.

Ya sake cewa, a hankali, "Tana sha ko bata sha?"

Sai Mami ta ɗago kai tace "Waye yake wa ɗana tsawa? Direban nan ne? A sallame shi mana ya tafi, iyalinsa na jira."

Na tafi. Bayan gida na tafi, wajen ramin gasa alade, na zauna da toka. Aladen dai ba wanda ya ce bai yi daɗi ba.

Juma'a, 27 ga wata, tsakar rana

Tensa bata min magana sai ta dole. Da safe ta ajiye min kofi tace "Kai da ƙanenka ɗaya ke ciyar da ita ɗaya ke ɗaga ta, amma kai sai ka mai da abin zakara biyu a akurki."

Nace ni ban ga zakara biyu ba, ɗaya na gani da wani kwali.

Bata yi dariya ba. Da can wannan sai ta yi.

Lahadi, 29 ga wata, biyar na yamma

Likita ya zo. Ya daɗe a baranda da Tensa da Cleto. Ni ina gyaran famfo, famfon yana ɗiga tun bara, dole wani ya duba shi.

Jar ƙwayar an daina.

Talata, 31 ga wata, bakwai na safe

Rabin kofi jiya. Nasa dai. Har yanzu nasa.

Alhamis, 2 ga Janairu, huɗu na yamma

Kwalin ƙarshe ya ƙare jiya. Cleto ya je kanti ya dawo hannu wofi. Wai sun kwashe, abin na lokacin biki ne, sai kuma wata shekara. Wurin da yake an jera ruwan lemo.

Na so in ce wani abu. Maganar ma ta zo har bakina, mai kyau ce, da Pucho yana nan da ya faɗi ƙasa. Na haɗiye.

Asabar, 4 ga wata, shida na yamma

Ya je Yabucoa, ya je Humacao, yau har Caguas. Babu. Wata mai kanti tace masa ya yi da kansa mana, ba ƙwai da madara ba ne?

Kwana uku ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ruwa a auduga. Na sake kai mata nawa. Ko juya fuskar ma bata yi ba, ido kawai ta rufe.

Ya dawo ya zauna a matakala, farin takalmin duk jar ƙasa. Na wuce shi sau biyu. A na uku yace "Yaya."

Nace "Ina ji."

"Kai ne mai hannu."

Nace "Ni direba ne."

Yace "Dan Allah."

Shekara sittin da ɗaya ban taɓa tsammanin rana za ta zo da zan tsaya a gaban kajin Tensa ina lallashi ba.

Lahadi, 5 ga wata, biyu na rana

Na rufe ƙofar kicin da taga kar wani ya gani ya kai wa Pucho. Ƙwai shida, madara, sukari, gyaɗar ƙamshi, na zuba a injin markaɗe. Ya fito da kumfa kamar sabulu. A ido dai ya fi na kwali kyau nesa ba kusa ba.

Cleto ya kai mata. Ta lasa ta ture da harshe.

Na sake, na dafa shi a wuta kaɗan. Ya guntse ya zama wainar ƙwai mai zaƙi. Kare ma sai da ya yi shawara.

Na sake. Ta ƙi.

Ƙwai goma sha takwas. Kajin sun fara kallona.

Litinin, 6 ga wata, ranar Sarakuna Uku, bikin rufe Kirsimeti, biyar na yamma

Rubutun yau zai fi na kullum muni, wanda ya ga dama ya gyara.

Da safe muna zaune da Cleto a ɗakinta, shi can ni nan. Numfashinta kawai ake ji. Can yace "Ka san abin da na tuna? Kofin silba ɗin nan mai lotsattsen gindi. Da shi take buga maka ƙwai da sukari lokacin da kake ciwon ƙirji."

Nace "Ni? Ni ban taɓa ciwo ba."

Yace "Kai! Kamar tsinke kake. Kaza ɗaya gare mu, ƙwan naka ne kullum. Ni cokalin ake ba ni in lasa, shi ma in ka ga dama. Har addu'a na dinga yi Allah ya ba ni tari."

Na dube shi. Da gaske yake, idonsa ya kaɗa. Wai ni yake wa hassada, da tumbinsa da Amurkarsa.

Kofin yana nan, Tensa take ɗiban tsabar kaji da shi. Na wanke. Na dawo da shi ɗakin da ƙwai ɗaya da sukari da cokali mai yatsu, dan na gaji da zaryar kicin. Na zauna a bakin gadon, na fasa, na juye duka a ciki, na hau bugawa. Kas kas kas kas, da ƙarfi, irin na maza.

Ban ga lokacin da ta buɗe ido ba. Muryar kawai na ji, siririya, amma ita ce, ta da.

"Chebo."

Cokalin ya tsaya.

"Chebo, jakin ina ne kai? Da farin ka haɗa? Gwaiduwa kaɗai ake sawa. Sau nawa zan faɗa maka?"

Nace "Mami."

"Kar ka ce min Mami. Zubar. Kawo wani. Kuma a hankali, ba taya kake bugawa ba. Sai ta yi fari tukun a zuba madara, da ɗumi. Komai naka gaggawa, kai da ubanka."

Cleto ya ruga ya kawo ƙwai, har ya fasa ɗaya a hanya. Na raba gwaiduwar a tafin hannuna, farin yana bi ta tsakanin yatsu. Ta ɗora hannunta a kan nawa, ba nauyi ko kaɗan, tana juya ni. Muka buga har ta yi fari. Tensa ta kawo madara da ɗumi tana share fuska da gefen riga.

Na kai mata cokali. Ta sha. Na biyu. Na uku. A na huɗu ta kau da kai tace "Sukari ya yi yawa. Shanye sauran, ka ga yadda ka rame."

Na shanye. Ni Chebo, a gaban shaidu biyu, na sha ƙwai. Duk wanda ya kai wa Pucho ni da shi ne.

Ban nemi albarka ba. Na buɗe baki zan nema sai na ji tsoro kar in ji an ce a kiyaye hanya, na bar kaza cikin gashinta. Ta koma barci da yatsana a hannunta, ban motsa ba har ƙafata ta mutu.

Da muka fito baranda Cleto yana jan hanci yace "Sati uku ina ba ta abinci a baki, ni ko sau ɗaya bata zage ni ba."

Nace "Ai baƙo ake wa fara'a, ɗan Amurka. Jaki sai ɗan gida."

Talata, 7 ga wata, shida na safe

Ƙwai ɗaya. Gwaiduwa kaɗai. Cleto ya riƙe kofin, ni zan buga.